Aduwar Bakin Hanya

Shekara goma sha ɗaya Talatu tana tsayawa a wuri guda kan hanyar Urafan. Duk ranar kasuwa, in ta ɗauko ƙwaryar daddawar batso ta fito daga ƙauyensu, Gidan Tanna, sai ta bar matan da suke tafe tare su yi gaba, ita ta ja ta tsaya daidai inda hanya ta karkata. Daga nan ana hangen wata babbar aduwa a gefen gonar gidansu, bayan shingen maƙabarta. Ba ta sauke kaya, ba ta matsawa kusa. Ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a ranta, ta shafa da hannu ɗaya, ta bi sawun abokan tafiya. Matan sun san dalili, ba wadda ta taɓa yi mata magana. A gindin aduwar nan aka sa ɗiyarta Mansura, haka Talatu ta sani.

Sanƙarau ne ya ɗauke yarinyar, a wata bazara da ciwon ya shiga garin ya yi ta ɗiban yara gida gida. Shekararta goma sha biyar, kwana biyu kawai ta yi a kwance da wuya a sandare. A shekarar nan maƙabarta ta cika har bakin shingen aguwa, sai mijin Talatu, Ishaƙu, ya yanki gefen gonarsu da ke manne da shingen ya ce a sa mutane, sadaka. Mace ba ta bin gawa. Talatu tana zaune a ɗaki aka fita da ɗiyarta a makara, tana zaune maza suka dawo. Ishaƙu ya tsuguna yana wanke ƙafa, bai dube ta ba ya ce, "Mun sa ta gindin aduwa."

Iyakar abin da aka gaya mata ke nan, ita kuma ba ta ƙara ba. Ta yaya za ta ƙara? Mansura ɗiyar fari ce. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, "ke" take ce mata, ko "yarinyar nan", ba ta taɓa rungumarta gaban mutane ba. Uwar da za ta zauna tana bin ba'asin kabarin ɗiyar fari, ai washegari zancenta ya cika bakin rijiya, a ce ba ta da ta ido. Kukan ma a ɗaki ta yi shi, da zane a baki. Da aka yi arba'in ta fita kasuwa, ta ɗaga ido ta ga aduwa tsaye, babba, mai inuwa, ta ce a ranta to ga ta nan.

Shi Ishaƙu shekara huɗu ke nan da ya tafi cin rani Agadas, ciwon ciki ya kayar da shi, can aka rufe shi. Ƴaƴanta maza biyu suna Libiya, sai dai murya a waya. Abin da ya rage mata wanda za ta ɗaga ido ta gani shi ne aduwar nan. Gonar gandu kuwa ta koma hannun ƙanen mijinta, Rabilu.

Rabilu mutum ne da in ya kalli ƙasa ba ya ganin komai sai damin gero. Ya ci rabin burtalin da ke yamma da gonar, ya ci hanyar da mata suke bi zuwa itace, kowace damina garmarsa sai ta ƙara taku ɗaya cikin iyakar wani. In aka yi magana ya ce baki goma sha huɗu ne a gidansa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Gaskiya ne, ba a hana shi ba. Amma a garin nan wa ke da ƙasa mai ƙaruwa?

Ranar da abin ya faru ƙarshen bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, hadari yana haɗowa da yamma yana watsewa, kowa yana gaggawar kai taki gona kafin ruwan shuka. Wari ne ya fara taryen Talatu tun kafin ta kai wurin tsayuwarta. Amalanke biyu ne a gindin aduwar, shanu suna tsaye suna tuƙa, mutum biyu suna juye kaya. Ba takin shanu ba ne, ba na awaki ba. Juji ne irin wanda ake kwasowa daga bayan gidajen Urafan: baƙar leda, tsummokara, ƙunzugun jarirai, mushen kaza ƙafafu a sama, sannan a kan duka wani baƙin abu mai danƙo wanda duk wanda ya taɓa wucewa inda ake yashe masai ya san shi. Ƙudaje sun riga sun sami labari. Rabilu yana tsaye a inuwa, hula a ƙeya, yana nuna inda za a ƙara.

Talatu ta sauke ƙwaryarta a ƙasa. Ta bar hanya ta taka har bakin gonar, nan ta tsaya, don ko a cikin fushi ƙafarta ta san iyakarta.

"Rabilu, mi kake zubawa nan?"

"A'a, Yaya, ina kwana? Taki ne. Na masai ya hi na shanu ƙarhi, ki tambayi kowa. Bana in Allah ya ba mu ruwa sai kin gani."

"Ka san wa ke kwance nan?"

Ya duba gindin itacen, ya duba ta. "Nan? Ba kowa."

"Ba kowa," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Ɗiyar yayanka ce ba kowa. Kai ka riƙe makara wannan rana, an hwaɗa mani. Kana da rai, kana da hankali, ka tahi ka yaso masan mutane ka zuba mata bisa kai."

Rabilu ya yi wata dariya ta gefen baki, irin wadda ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa. "Haba Yaya. Ke kin taɓa shiga kushewa ne, balle ki san wa ke ina? Tahi kasuwarki, rana na yi."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta juyo hanya, inda maƙwabciyarta Fatiha da sauran matan suka yi cirko-cirko. Ta kwance mayafinta ta juye daddawar a ciki, ta ƙulle ta miƙa wa Fatiha. A bakin hanya, inda amalanke ya yi tsalle zai hau gona, wani abin ya zube. Talatu ta duƙa ta cika ƙwaryarta da shi, ƙwaryar da take sayar da abin miya a ciki shekara da shekaru. Fatiha ta kama hannunta ta ce ta yi wa Allah ta yi haƙuri. Ta fizge, ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ta nufi gari.

Mai gari Alhassan yana zaune a rumfar ƙofar gidansa kan tabarma, da dattawa huɗu, da limamin garin, Malam Misbahu, wanda aka kawo daga Tasawa shekara biyu da suka wuce bayan tsohon liman ya rasu. Suna hirar ruwa. Talatu ba ta tsaya nesa ta aika a yi mata iso ba. Ta shigo rumfar kai tsaye, ta durƙusa, ta ajiye ƙwaryar a bakin tabarmar mai gari.

Ka ga dattawa da tashi. Wanda yake kukan gwiwa tun bara shi ya fara miƙewa. Liman ya tattare babbar rigarsa ya ja baya yana neman tsari, mai gari ya janye ƙafa ya toshe hanci da bakin rawani.

"Talatu, lahiyarki? Mi ne ne wanga?"

"Ranka shi daɗe, ku da kuke da rai kun ja riga, kun tashi. Ita ba ta iya ja, ba ta iya tashi. Amalanke biyu na wanga Rabilu ya zuba bisa kushewar yarinyar nan, gindin aduwa. Na kawo maku kaɗan ku gani."

Aka sa wani ya fitar da ƙwaryar, aka naɗe tabarma aka kawo wata, aka aika a kira Rabilu. Kafin ya iso dattawa suka buɗe zancen taki, don maza in ka ba su abin gardama sun huta da kallon idon mace. Wannan ya ce ai kashin shanu ba najasa ba ne, ko a masallaci ya faɗi a share kawai. Wancan ya ce na jaki fa? Na ukun ya ce na masai ma in ya bushe ya zama ƙasa. Suka juya ga liman, ya shiga rarrabe musu: na dabbar da ake ci mai tsarki ne, na ɗan Adam najasa ne, hatsin da ya tsiro a kansa kuma halal ne. Talatu tana durƙushe tana jin su, ranta yana tafasa. Ita ta zo da maganar ɗiyarta, su suna jera kashi kashi-kashi kamar masu kasa tumatir.

"Allah gafarta Malam," ta katse shi, "ni ban zo tambayar abin da ke karya alwala ba. Ko turare ne, ana juye shi bisa mutum da amalanke?"

Liman ya ce a'a. Ya ce kabari na mai shi ne har abada, ba a zama kansa, ba a takawa, ba a nomawa, balle a zuba masa ƙazanta. Wanda ya yi haka ya keta alfarmar mamaci, kamar ya yi masa yana raye. Amma shi baƙo ne a garin, bai san wurin ba. Akwai kabari a gindin aduwar nan ko babu?

Daidai nan Rabilu ya shigo, ya gaida manya ya zauna. Da aka maimaita tambayar ya ɗaga yatsa sama. "Na rantse da wanda raina ke hannunshi, babu kushewa gindin aduwar bakin hanya. A kawo Alƙur'ani in dahwa."

Rantsuwar ta fito masa sumul, ba gargada. Wannan ya ba Talatu tsoro kaɗan, don ta san Rabilu da cin iyaka amma ba ta san shi da wasa da Alƙur'ani ba.

Mai gari ya gyara zama ya ce to, tunda abin ya zama haka, kowa ya yi haƙuri. Lokacin shuka ne, a bari ruwa ya sauka a gama, sannan a zauna a duba a tsanake.

"A kira Baba Danda," in ji Talatu.

Danda shi ne mai haƙar kabarin garin. Shekara arba'in yana yi, ba wanda ya shiga ƙasar Gidan Tanna ba da hannunsa ba. Kaburburan garin ba su da allo ba su da suna, sai ƙaya da ake ɗorawa don karnuka, ita ma damina biyu ta ruɓe. Littafin maƙabartar yana cikin kan Danda.

Mai gari ya ce tsoho ne, ƙafa ta ƙi, kada a wahalar da shi cikin ranar nan.

"To ni in tahi in goyo shi. In kuma ba a so, ranka shi daɗe, akwai sauran abin nan bakin hanya, ina da wata ƙwarya. Yau kasuwa ce, jandarma na Urafan, sarki na Tasawa. Duk inda na shiga sai na aje masu."

Liman ya ce a kira shi, ai shaida ce. Aka kira shi.

Danda ya zo yana dogara sanda, siriri, busasshe, goro a kunci. Ya zauna a ƙasa bai hau tabarma ba. Mai gari da kansa ya yi tambayar, kuma ya auna ta kafin ya sake ta: babbar aduwar bakin hanya, akwai wanda ke kwance a gindinta?

"Babu," in ji Danda. "Saiwa ta yi yawa wurin. Ban taɓa sa dagi ba."

"Kun ji," in ji Rabilu, ya buɗe hannuwa.

Talatu ta tuna tsayuwarta a bakin hanya. Shekara goma sha ɗaya. Mai gari ya ce alhamdu lillahi, ashe rashin fahimta ne, Allah ya kiyaye gaba, Malam a yi mana fatiha. Hannuwa suka fara tashi sama, da sauri kuwa, saurin da ya sa ta ɗago kai ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido.

"Baba Danda," ta ce, "to ina take? Ina Mansura?"

Sunan ya fito daga bakinta karo na farko tun ranar da aka raɗa shi. Dattawa suka sunkuyar da kai, wai su kunya ta kama su. Ita ko a jikinta.

Danda ya juya goron bakinsa. Ya dubi mai gari, ya daɗe yana dubansa, sannan ya tofar a gefe.

"Ni an tambaye ni babbar aduwa, na hwaɗi. Yanzu an tambaye ni yarinya. Su bakwai ne na shekarar sanƙarau, bayan tudu, inda ba a gani daga hanya. Akwai wata ƴar aduwa wurin, ba ta hi tsawon mutum ba, ita marigayi mijinki ke nuhi. Ukku ɗiyan Hilani ne da sunka sauka rijiyarmu waccan shekara, sun wuce ba su dawo ba. Biyu na gidan da sunka tashi sunka koma Najeriya. Ɗaya maraya ne. Sai taki." Ya numfasa. "Shekarar da marigayi ya rasu Rabilu ya sare aduwar, ya ƙone kututturen. Damina ukku ke nan garmar shanu na bi ta wurin. Damina ta hwarko na tsinci tsingaron tukwanen da munka ruhe su da su, garma ta tono. Na cika hulata na kawo nan, na aje inda kike durƙushe yanzu. Anka ce mani za a yi mashi magana."

Liman ya juya ya dubi mai gari, mai gari yana gyaran rawanin da ba abin da ya same shi. Ashe duk sun sani. Dattawan nan huɗu, da masu wucewa da amalanke, da mazan da take gaisarwa a hanya suna amsawa da fara'a, duk sun sani. Suna ganinta duk ranar kasuwa tana tsaye da kaya a ka tana yi wa itace addu'a, ba wanda ya ga ya dace ya ce mata, baiwar Allah, ba nan ba ne. Zancen maƙabarta zancen maza ne, shi ke nan an rufe.

Rabilu ya ga rumfar ta juya masa baya, sai borin kunya ya taso masa. "To mi? Shekara nawa? Sun zama ƙasa. Gonarmu ce tun kakanni, yaya ya bayar ba da shawarata ba. Ku da kuke kallona, wa zai ciyar mani da ɗiya? Ke kuma Yaya, geron da nike aiko maki duk kaka, daga ina kike tsammani shike hitowa? Nan ne wurin da ya hi ko'ina kyau cikin gonar. Kin ci, kin sha, kin yi godiya."

Furar da ta sha da safe ta taso mata har maƙogwaro. Geron ne. Shi ta surfa jiya, shi ta daka, tana yaba farinsa. Ta danne bakinta da bayan hannu, ta haɗiye, don ta rantse a ranta ba za ta ba mutanen nan abin kallo ba. Ta dubi Rabilu, ta nemi zagin da zai kai girman abin da ya yi, ta duba duk wanda ta sani tun tana yarinya, ba ta sami ko ɗaya ba.

Liman ne ya yi magana, muryarsa ta canza. Ya ce wannan ba abin da za a jira shuka ba ne. A fitar da wurin daga gona, a kewaye shi da aguwa, kada garma ta ƙara shiga. Mai gari ya karɓe da sauri ya ce ai dama abin da yake shirin faɗa ke nan, gobe da sassafe za a yi. Liman ya juyo ga Talatu ya ce ta kwantar da ranta, addu'a ba ta ɓatan hanya, duk abin da ta karanta ya isa inda aka aike shi.

Ta san haka. Ba wanda ya ce Allah bai san wurin ba. Ita ce ba ta sani ba.

"Ba gobe ba, yanzu. Ku kai ni in gani."

"Talatu," in ji ɗaya daga cikin dattawan, "mace ba ta shiga kushewa."

"Damina ukku gona ce, shanu na shiga, amalanke na shiga, matan Rabilu na shiga roron wake. Yau da na ce a kai ni ta koma kushewa?"

Danda ya dogara sandarsa ya miƙe.

Suka fita da rana tsaka, Danda a gaba da sandarsa, Talatu a bayansa, liman da mai gari da sauran suna biye, Rabilu can a ƙarshe yana jan ƙafa. Suka wuce babbar aduwar da jujinta da ƙudajenta. Talatu ba ta dube ta ba. Haushin itacen ma take ji, yadda ya tsaya shekara goma sha ɗaya yana karɓar abin da ba nasa ba. Haushin Ishaƙu take ji, Allah ya jiƙansa, da ya ce aduwa ya yi shiru kamar aduwa ɗaya ce a duniya. Mafi zafi haushin kanta. Kalma biyu ce, wace aduwa? Yana tsugune gabanta yana wanke ƙafa, da ta faɗa da ya amsa. Ta riƙe bakinta don kada a ce ba ta da kunya, ta riƙe shi har mutumin ya mutu da amsar.

Suka hau tudun suka gangara. Bayansa fili ne shimfiɗe, rairayi ja, tushiyar geron bara a jere layi layi har inda ido ya tsaya. Ba tudun kabari ko ɗaya, ba ƙaya, ba kututture. Sai tulin taki nan da can, wanda aka kawo tun makon jiya ana jiran a baje, iri ɗaya da na gindin aduwa, ya bushe ya yi ɓawo, leda tana kaɗawa a kansa.

Mai gari da mutanensa suka tsaya daga gefe, inda wani gawo ya ɗan yi inuwa. Danda ya je bakin shingen maƙabarta ya juya baya, ya fara ƙirga taku. Talatu tana bin sa. Ya yi ashirin ya tsaya, ya dubi gawon, ya girgiza kai, ya koma. Aguwar shingen ma wata ta mutu, wata an dasa sabuwa, ba a inda ya san ta take ba. Ya sake farawa daga wani wurin, ya karkata kudu, ya caka sandarsa a ƙasa, ya zare, ya matsa gaba ya sake cakawa. Rairayi ne ko'ina, garma ta mayar da shi abu guda. Gumi yana bin wuyan tsohon. Duk inda ya sa ƙafa Talatu tana sawa.

Daga ƙarshe ya tsaya. Ya ɗaga sanda ya nuna wani tulin taki a hagu, ya zagaya da ita a hankali har wani tulin a dama, can nesa. Abin da ya zagaye ya kai filin gida guda da turakunsa.

"Tsakanin nan da can. Duk su bakwai."

"Wace ce tawa?"

"Ta ukku daga aduwar."

"Ina aduwar take?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi shingen, ya dubi gawon. Mutumin da shekara arba'in ba a taɓa tambayarsa kabari ya yi jim ba.

"Ɗiyata, da ya bar mani ko kututturen. Ban sani ba."

"Kanta fa? Ta ina kanta yake?"

"Kudu, kamar kowa. Amma inda ya hwara da inda ya ƙare, Allah kaɗai."

Sai a lokacin Talatu ta lura da inda take tsaye. Tana tsakiyar wurin da sandar ta zagaye. Ta waiwaya ta ga sawunta da na Danda sun yi ta kai da kawowa a cikinsa, sun ratsa shi gabas da yamma, kudu da arewa, sawun takalmin roba mai zanen kifi, nata, a ko'ina. Ta duƙa a hankali ta cire takalman, ta riƙe su a hannu. Rairayin ya kama tafin ƙafarta kamar kaskon tuya. Ba ta ɗaga ba.

Danda ya juya ya fita yana dogara sanda, kai a ƙasa. Daga inuwar gawo mai gari ya ɗaga murya ya ce to ta gani, ta fito haka nan, rana za ta yi mata illa. Ya ce duk wurin za a kewaye, har da ƙari, Rabilu da kansa zai saro aguwar, kuma yau ɗin nan za a kwashe takin.

Talatu ta dubi gabanta, rairayi da tushiya. Ta dubi bayanta, ta dubi dama da hagu. Ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta taka, ta riƙe ta a sama, ta mayar da ita daidai inda ta ɗauke ta.

"Taho mana, Talatu," in ji liman a hankali.

"Ta ina, Malam?" ta ce. "Ku da kuka sani, ku hwaɗa mani ta ina zan taka."

Tana nan tsaye da takalma a hannu, ba ta motsa ba.